Ranar da Istifanus Kafinta Ya Hana Baffansa Magana

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar abokina Istifanus Kafinta, kuma har yau in gardama ta kaure a rumfata sai in waiwaya hagu, inda yake zama, in tarar ba kowa sai tulun ruwa. Ni wanzami ne a nan Gusau. Kawunan da na aske, in aka jera su, sai su kai Kwatarkwashi, su hau dutsen, su gangara ta baya. Amma kai mai tauri irin nasa bai taɓa shiga hannuna ba. Shi ya koya mini wannan rubutun boko da nake ɓata muku takarda da shi, don haka wanda ya ga kuskure ya san kabarin da zai kai ƙara.

Ranar da ya fara zama a gabana, baƙo ne mai gajeren wando, cikin masu yi wa Turawa ƙofofi da tagogi, Hausarsa duk ta karkace. Na jiƙa masa kai, na juya fuskarsa, sai idona ya faɗa kan tsagen kumatunsa. Na ce, "Malam, kai ɗan Nahuce na. Wannan hannun babana na, bai taɓa gama zanen ƙarshe a miƙe ba." Sai hawaye suka zubo wa mutumin nan. Haka ya zauna da rabin kai a aske har la'asar, yana ba ni labari.

A gida Nomau ake ce masa. A wata shekarar yunwa, kafin Turawa su gama zama, iyayensa suka rasu. Ƙanen ubansa, Baffa Labbo, ya ja shi da ƙanwarsa Tasalla bayan gari, ya miƙa su ga wani falke, ya karɓi hatsi. Shi yana da shekara takwas, ita ba ta wuce uku ba. A hanya aka raba su. Daga baya sojan Turawa suka tare ayarin, aka kai shi can kudu hannun masu wa'azin Kirista, a nan ya koyi sassaƙa, ya karɓi addininsu da sunan da muka san shi da shi. Sunan ƙauyensu ya ɓace masa, amma fuskar Baffa ba ta ɓace ba.

Abu ɗaya yake nema: ina aka kai Tasalla? Baffa kaɗai ya san falken. Matsalar ita ce, shekara da shekaru Baffa yana gaya wa mutanen Nahuce cewa mahara ne suka kwashe yaran a gona. In ya faɗi inda take, ya faɗi cewa shi ya sayar.

Ni na raka shi, muka bi ta Bunguɗu a kan jakin aro mai tafiya kamar yana jiran a roƙe shi. Gari ya fito kallo, tsofaffin mata suna shafa kumatunsa suna kuka. Baffa Labbo ya tsufa, ido ɗaya ya yi yana. Da suka keɓe a zaure, ni ina bakin ƙofa, Istifanus ya durƙusa ya ce, "Baffa, na yafe maka tun ban san hanyar gida ba. Ba ƙara na kawo ba. Gaya mini inda Tasalla take."

Tsoho ya ce, "Ƙaddara ta, ɗana. Abin da Allah ya rubuta, wa ka iya goge shi? Ga ka nan da sana'a, ga ka da ƙiba. In ma da hannun wani ciki, to, Allah ya yi aiki da shi, kamar yadda kake aiki da gizagonka."

Istifanus ya zaro gizagon daga jakarsa ya ajiye a tsakaninsu. Ya ce, "Baffa, wannan shekara goma yana hannuna. Bai taɓa sare itace ya koma gari ya ce mahara ne suka sare ba."

Ni dai dariya ta kusa kashe ni, sai da na cusa bakin riga a baki. Baffa ya ce kansa na ciwo.

A hanyar komawa na ce masa mu tafi wurin alƙali kawai, a matsa tsohon nan ya amayar. Ya ƙi. A nan na fara jin abin da ya yi imani da shi, kuma na ci gaba da jinsa shekara bakwai, har na iya shi kamar karatun allo. Cewa yake Allah yana da nufi a kan kowane mutum, babu abin da ke zo masa ba zata, kuma yana iya ɗaukar mugun aikin mutum ya fitar da alheri daga ciki, kamar yadda ya yi da shi. Amma Allah bai ɗaura igiyar ba. Ya ba ɗan Adam hannu, ya ba shi zaɓi, kuma ba ya jan kowa da wuya zuwa ga tuba. Kira yake yi, ya jira. "To, in Mai Duka yana jira, Wanzan, ni wane ne da zan kawo dogari?" Na ce masa ai mu ma limaminmu yana faɗa cewa ba a fakewa da ƙaddara a kan zunubi. Ya ce, "Madalla, to, kai da liman ku riƙa faɗa da ƙarfi, mutanenku ba su ji ba." Na ce naku fa? Ya ce nasu sun fi kurumta.

Haka ya riƙa zuwa Nahuce duk bayan mako biyu. Ya gyara wa Baffa ƙofar zaure, ya sassaƙa masa kujera, ya sake wa rumbu murfi. Tambaya ɗaya zai yi, a ba shi ƙaddara, ya yi sallama. Na ce da wannan tafiya sai ya gina wa tsohon bene kafin ya ji ko harafi ɗaya.

Sai wata rana muna can, rana tsaka, ina yi wa Baffa gyaran gemu a gindin bishiyar bedi, haske ya fara dushewa. Ba hadari, ba ƙura. Rana ta koma kamar an gutsure ta, kaji suka nufi akurki, mata suka fasa kuka, maza suka ruga masallaci. Wani ya yi ihu cewa duniya ta tashi. Ba zan ɓoye muku ba, a cikin ƙiftawar ido na tuba daga zunuban da ban ma riga na aikata ba. Amma duk da haka wayona bai gudu ba. Na rangaɗa wa tsoho a kunne, "Baffa, an busa ƙaho! Faɗi yanzu, kafin a tambaye ka a can!"

Tsohon nan ya zube ƙasa, ya kama ƙafar Istifanus. Ya ce, "Nomau, tsaya in gaya maka, Tasalla..."

Istifanus ya sa tafin hannu ya rufe masa baki.

Ya ce, "Riƙe maganarka, Baffa. Husufi ne, wata ne ya gitta gaban rana, yanzu za ta washe. Ranar da Almasihu zai dawo ba wanda ya san ta, kuma in ta zo ba sai wanzami ya sanar da kai ba. In yau ce, ba na bukatar bakinka, zan ga Tasalla da idona. In ba yau ba ce, ba na son abin da tsoro ya tatsa. Ka faɗa mini da rana a sama, da ranka a kwance, don ya zama naka."

Rana ta washe. Zakara ya yi cara kamar shi ya gyara ta. Baffa ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya shige gida da rabin gemu.

Daga Nahuce har Gusau zaginsa nake. Na ce shekara goma sha takwas kana neman kalma ɗaya, ta zo har leɓe, ka mayar da ita ciki da hannunka! In tsohon nan ya mutu gobe fa? Na ga idonsa ya yi ja. Can ya ce, "In ya mutu, na yi hasarar ƙanwata har ranar tashi, kuma zan ɗauka, ni na zaɓa. Amma da na bar shi ya faɗa a kan ƙarya, da na sayar da shi kamar yadda ya sayar da ni."

Kwana tara bayan haka, da hantsi, sai ga Baffa Labbo a ƙofar rumfar Istifanus, a ƙasa ya tako. Akwai mutane wajen goma a wurin. Bai nemi a keɓe ba. Ya dogara sandarsa ya ce, "Ku shaida, babu wasu mahara. Ni na bayar da ɗiyan wana, da hannuna, ina cikin hankalina. Yarinyar tana Kucheri. Na taɓa ganinta a kasuwar Tsafe da goyo, na kau da kai."

Muka tafi Kucheri, muka same ta tana sussuka, uwar 'ya'ya huɗu, matar wani manomi mai kirki. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce wanne ne a ciki? Na ce, "Haba, Inna, dubi kyawuna, dubi nasa, ai kin san ba ni ba ne." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Da ta ji addininsa ta ce za ta yi ta roƙa masa shiriya. Ya ce shi ma haka zai yi mata, sai a ga wanda zai riga gajiya. Babu wanda ya gaji. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ita ta zo Gusau ta yi jinyarsa har ƙarshe. Ni na haƙa kabarin, 'yan'uwansa Kirista daga kudu suka yi masa addu'arsu.

Yau ga jirgin ƙasa yana shigowa Gusau yana huci, ga fara ta yi mana shekaru tana cin gero, ga labarin Turawa sun sake kaurewa da yaƙi a ƙasarsu. Kullum sai wani ya zauna a gabana ya lissafa mini alamomi, ya ce saura kaɗan a naɗe ƙasa. Wani har ya fasa yi wa ɗakinsa yaɓe. Na san abin da Istifanus zai ce. Zai fara zagaya jirgin ya duba wanda ya yi kujerun, ya kushe aikin. Sannan ya ce ranar tana zuwa, babu shakka, kuma shi murna yake da ita, don a ranar ne za a miƙe duk abin da ya karkace. Amma a same ka da yaɓe a hannu, ka kuma riga ka je wurin wanda ka cuta da ƙafarka.

Bai mayar da ni addininsa ba, ni ma ban mayar da shi nawa ba, ko da yake kowannenmu ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ƙofofin da ya yi gara ta fara cinsu. 'Ya'yan Tasalla kuwa sun san sunan kakansu da gonarsa a Nahuce, Baffa da kansa ya nuna musu iyaka kafin ya rasu. Ni kuma ga abin da ya bar mini. Jiya askata ta zame na yanki wani mahauci a bayan kunne. Ya dafe wurin ya ce, "Ba komai, Wanzan, ƙaddara ta." Na ce, "A'a, hannuna na. Surutu nake ban duba ba. Ka yafe mini."