Ƙarfen da Ba a So Ya Shiga

Shekarun baya, tun Turawa ba su gama naɗe kayansu ba, ina harkar shanu a Inugu, sai na sayi tsohuwar bindigar soja har da lasin. Kafin sati ya zagayo na kashe ɓauna bakwai da baki a rumfar mahauta, alhali ko zakara ban taɓa harbi ba. Na kuma yi wa kowa alkawarin naman daji ranar Lahadi.

Abokina tsohon saje ne, shi yake gyaran bindigogi a bariki kafin ya yi ritaya. Idonsa ɗaya, ban taɓa tambayarsa ina ɗayan ya tafi ba. Ya ce in kawo amaryar ya gani kafin a ɗaura aure.

Ya kwance wani ƙyalle, ya fito da ƙarafa biyu masu siffar harsashi, ya ce geji sunansu. Da su ake auna ko mazaunin harsashi ya yi yawa. Ya sa na farko, ya tura sakatar bindigar, ta rufe. Ya sa na biyu, wanda ya ɗan fi tsawo, ya tura da yatsu biyu, ta sake rufewa sumul. Na miƙe ina taka rawa, ina cewa ga bindiga 'yar mutunci, ba ta mayar da baƙo.

"Zauna, Sarkin Baka," in ji shi. "Na biyun ƙin sa ake so ta yi. Wadda ta karɓi kowa, ta baya take amai."

Na ce hassada ce kawai. Sai ya zare sakatar ya jefa aljihu. Kwana uku ba na amsa sallamarsa, mahauta kuwa kullum sai sun tambaye ni ko ɓaunar ta dahu.

Ran Lahadin ya ja ni bayan gari. Ya mayar da sakatar, ya ɗura harsashi, ya ɗaure bindigar a kututturen mangwaro, ya sa igiya a kunamar, ya jingina gwanda daidai inda kuncina zai kwanta. Muka laɓe, ya ja. Kwanson harsashin ya tsage, hayaƙi ya feso ta baya, fatar gwandar ta yi baƙi da tsaga-tsaga. Na shafa fuskata sau ɗari ina ƙirga idanuwana.

Ya nuna ramin idonsa ya ce, "Tawa ma duka biyun ta karɓa."

Bayan 'yan shekaru ya koma Fatakwal wajen 'yarsa. A tashar jirgin ƙasa ya danƙa mini ƙarfen nan na biyu, wai ko zai koya mini cewa a'a. Na neme shi har unguwarsu ta Diobu sau biyu, aka ce ya tashi, ba wanda ya san inda ya nufa.

Har yau ƙarfen yana aljihuna tare da carbi. Cika baki ban daina ba, sai dai ba mai ce mini in zauna. Idanuwan da ya bar mini duka biyun suna nan garau, kuma duk tashar da na sauka, shi suke nema.