Wayar da Na Ba Ladan

Ni mutum ne mai son a gan ni ina kyauta. Sai da na haura shekara saba'in na iya faɗin haka da bakina, kuma ba don wani agogo ba, da har yau ina kiran halin nan nawa karamci.

Agogon na Hajiya ne, matata. Bara ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Likita ya ce zuciyarta kan yi gudu wani lokaci ba gaira ba dalili, amma duk ranar da muka je gabansa sai ta natsu kamar ɗaliba a gaban malami. Ɗiyarmu da ke aikin jinya a garin Bobo ta kawo wani baƙin agogo na zamani, mai ƙirga bugun zuciya da barci da taku. Likita ya ce a bar shi a hannunta wata shida, a kawo masa abin da ya tara, sannan ya san ko zai canja mata magani. Maganin da take sha a lokacin yana sa ta jiri. Da safe sai ta dafa bango kafin ta kai madafa.

Agogon ba ya riƙe abu da yawa a cikinsa, waya yake juye wa. Wayar Hajiya kuwa ƙarama ce mai maɓallai, saboda haka aka haɗa shi da tawa. Ɗiyarmu ta haɗa tana sauri za ta kama mota, ta ce saura abu ɗaya, wayar za ta nemi a buɗe kont, wato asusun ajiya a intanet, in kai a buɗe mini. Na ce mata na sani. Ban sani ba. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, Faransancina na ciniki ne, na yadi da mita. Da wayar ta tambaya, sai na ga wani ɗan rubutu a ƙasa da na gane yana nufin sai an jima. Na danna shi. Duk bayan kwana biyu ta sake tambaya, ni kuma in sake danna sai an jima. Haka muka yi da ita wata biyar da 'yan kwanaki.

Muna da majalisa a gindin darbejiya, gefen masallacin unguwarmu ta Zango, bayan la'asar. A makon da nake magana wani baƙo ya sauka daga Kano da shadda da leshi, yana zama tare da mu. Wayarsa faɗi gare ta kamar allo. Kwana biyu ina satar kallonta, a na uku, ranar Asabar, na shiga kasuwa na sayo irinta. Da la'asar na jira majalisa ta cika, na tabbatar baƙon ya zauna, sannan na kira ladaninmu, wanda wayarsa ɗaure take da roba tun ban san yaushe ba. Na zare layina daga tsohuwar wayar, na miƙa masa da hannu biyu. Aka yi ta sa albarka. Baƙon ya ce ashe Zango akwai manya. Na tafi gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ina shiga Hajiya ta nuna mini hannunta. Wata 'yar alama ta fito a fuskar agogon, ja, wadda ba mu taɓa gani ba. Na kawo sabuwar wayar kusa da shi, na juya ta, na goga su da juna ma. Ba su san juna ba. Ranar ganin likita kuwa Alhamis ce mai zuwa.

Akwai masu gyaran waya huɗu tsakanin ƙofata da bakin titi. Na wuce su duka ranar Litinin, na tuƙa moto, ɗan babur ɗina, har unguwar Zogona, kusa da jami'a, inda babu wanda ya san ubana. Na sami wata mata 'yar ƙabilar Mosi a cikin ƙaramin shago, da gilashi a ido, tana warware waya da ɗan sukudireba. Ta saurare ni har na gama, tana kirana Yaba, wato kaka. Sannan ta yi mini bayani, rabi da Mosanci, rabi da Faransanci. Da an buɗe kont tun farko, in ji ta, da duk abin da agogon ya ƙirga yana ajiye a waje, kamar kaya a sito, kowace waya ta zo da mabuɗi ta ɗauka. Tunda ba a buɗe ba, kayan wata biyar suna cikin tsohuwar wayar kaɗai. Agogon kansa bai riƙe fiye da na 'yan kwanaki ba. Kuma ba zai amince da sabuwar waya yadda ya kamata ba sai an raba shi da tsohuwar.

Wannan na ƙarshe na gane shi nan take. Mahaifina mai masaukin fatake ne a tsohon Zango, zamanin goro. Baƙo ba ya sauya masauki sai ya kwashe kayansa, ya yi sallama da maigidan farko. Wanda ya sulale ba sallama, ba mai karɓarsa da daraja.

Ta tambaye ni ina tsohuwar wayar. Na ce na bayar.

"An wanke ta? An goge abin da ke ciki?"

Na ce ban sani ba.

"To, Yaba, je ka karɓo kafin a wanke. In an wanke, ko ni ko mai kamfanin ba abin da za mu iya."

Je ka karɓo. Ta faɗe shi kamar ta ce je ka sha ruwa. Ba ta san cewa a gaban mutum goma sha biyu na bayar ba, har da baƙo daga Kano.

Da yammar ranar na sayi goro na nufi gidan ladan, wai gaisuwa. Ya shimfiɗa mini tabarma. Ga wayar nan tsakaninmu, a jone da caji, an ma ɗinka mata 'yar jaka. Ya gode mini sau uku. Matarsa ta leƙo ta gode, ta aiko da zomkom, ruwan garin gero mai sanyi. Na sha, na yi zancen tsadar siminti, na yi zancen ruwan bana, idona na kan wayar. Bayan awa guda na tashi, ya rako ni har bakin hanya yana ƙara godiya.

Talata na wuni ina neman dabara. Na yi tunanin in ce wa likita agogon ya lalace. Na yi tunanin in ce wa ɗiyarmu rezo ne, wato sabis ɗin waya, ya cinye. Har littafi na ɗauko, na ja layi, na fara rubuta bugun zuciyar Hajiya daga kaina, rana bayan rana. Na cika shafi ɗaya kafin na tuna ban san sau nawa zuciyar mutum ke bugawa a minti ba. Da na dafa wuyana na ƙirga tawa, sai na ga lambobin da na rubuta sun fi dacewa da doki.

Bayan magariba na zauna kusa da ita tana tsince shinkafa, na ce na'urar ta sami 'yar matsala. Ba ta ɗago ba. Ashe matar ladan ta zo tun ranar Lahadi ta yi mata godiya, ta riga ta haɗa lissafinta. Ta ce ba komai, za ta sake wata shida da maganin, bango ai yana nan. Ta watsar da tsakuwa biyu, sannan ta ce:

"Turmin ma ai haka ya tafi."

Fiye da shekara ashirin ba ta ambaci turmin nan ba. Lokacin da aka tashe mu daga tsohon gidanmu, mota na bakin ƙofa, maƙwabta sun taru ana taya juna kwasar kaya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shafa turmin Hajiya, ta yaba itacensa. Mutane na kallo. Na ce ɗauki, Inna, naki ne. Hajiya tana ciki tana ɗaure tukwane. Kafin ta fito, turmin ya hau amalanke ya nufi unguwar Dasasgo, inda tsohuwar ta koma. Na mahaifiyar Hajiya ne, ita ma ta gada daga tata uwar, wadda ta zo da shi a bayan jaki cikin ayarin goro. Na ce zan sayo mata wanda ya fi shi, kuma na sayo. Shirun da ta yi sai na ɗauke shi a matsayin yarda, domin haka ya fi mini sauƙi. Da na zauna a wannan yammar ina tunawa, sai na ga yawancin kyautar da aka yabe ni a kanta, daga ɗakinta na ɗauko.

Duk da haka, Laraba da safe ban je ba. Na ce sai la'asar, in ja ladan gefe bayan salla. Aka idar, kafin in nemo takalmina har ya shiga majalisa. Muna zaune ana zuba shayi sai ya ciro wayar daga jakarta, ya ce wa jama'a yanzu zai kai ta bakin titi a wanke ta, domin cike take da hotunan Alhaji da saƙonninsa, bai dace ya riƙa ganin sirrin mutum ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Baƙon Kano na nan, yana riƙe da kofi.

Na ji muryata ta fito ƙarama.

"Malam, dakata. Ara mini wayar nan zuwa gobe."

Na ga babu wata hanya sai ta gaba, sai na faɗi duka: agogon, da kont ɗin da ban buɗe ba saboda kunyar in ce ban sani ba, da likita, da jirin Hajiya. Na ce na ba shi abin da ba nawa ne ni kaɗai ba.

Wani abokina tun na ƙuruciya, wanda muka yi tallan yadi tare, shi ya fara dariya. Ya ce shi bai yi mamaki ba, tun muna yara ni ke raba gyaɗar mutane ana gode mini. Wani ya ce kowa ya duba aljihunsa, kada Alhaji ya zo karɓar hular da ya bayar da Sallah. Ladan bai yi dariya ba. Ya sa wayar a hannuna, har da jakar.

"Shi ya sa ka zauna mini awa guda ran Litinin kana zancen siminti? Ni na zaci ka zo duba ko ina kula da ita ne. Alhaji, da ka faɗa, ai da tuni an gama."

Baƙon Kano kuwa, wanda dominsa na yi duk wannan, tambaya ɗaya ya yi: nawa ake sayar da irin agogon, mahaifiyarsa ma na fama da hawan jini.

Na ce wa Hajiya ta ciro agogon in kai Zogona. Ta ce ba ya barin hannunta sai a gabanta. Ta yafa mayafi ta hau bayan moto, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Mai gyaran ta ba ta kujera, ni ta bar ni a tsaye. Ta kunna tsohuwar wayar, ta bari agogon ya juye mata abin da ya riƙe na kwana huɗu. Ta buɗe kont da sunan Hajiya, da lambar Hajiya, kuma Hajiya kaɗai ta raɗa wa kalmar sirrin, ta rubuta mata a takarda. Muka jira wani layi ya cika a hankali. Sai da ya cika ta raba agogon da tsohuwar wayar, ta shiga kont ɗin a sabuwar, ta haɗa su. Ba ta yarda an gama ba sai da ta ja da yatsa baya, wata bayan wata, har ranar farko. Komai na nan. Daga nan ne ta wanke tsohuwar.

Tana cikin ja da bayan ne ta tsaya a shafin taku, ta dubi Hajiya.

"Mama, talla kike yi?"

Hajiya ta ce a'a, ba ta ma fita. Matar ta ce to akwai ɗaliban da ke zuwa jami'a a ƙafa da ba sa yin tafiyar da take yi a yini. Duk a tsakar gida ne, daga famfo zuwa madafa, daga madafa zuwa igiyar shanya, daga nan zuwa ɗakina da ruwan alwala. Ni kuwa ranar farko da likita ya tambayi aikinta, ni na amsa mata, na ce zaune take, ba ta komai.

Alhamis likita ya duba shafukan ya daɗe. Ya nuna mana lokutan da zuciyar ke gudu, ya canja maganin, ya ce a rage mata aiki. Da ya faɗi wannan ni ya kalla. Cikin mako biyu ta daina dafa bango.

Na mayar wa ladan wayarsa a gidansa, ba kowa sai ni da shi da akuyarsa. Ba zan ɓoye ba, kyautar da ba mai kallo ta yi mini salam, kamar tuwo ba miya. Ina koyo ne.

Bayan haka na je Dasasgo. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa, amma surukarta ta nuna mini turmin a bayan ɗaki, an ɗaure bakinsa da ƙarfe, har yanzu ana daka a ciki. Na dawo na gaya wa Hajiya, na ce in tana so zan buɗe baki in roƙa, yanzu na iya. Ta ce a bar shi, hannun wasu ya saba da shi. Ta tambaya dai ko tabon ƙuna na nan a gindinsa, inda ta jingina shi da murhu tana yarinya, uwarta ta yi mata faɗa. Shekara ashirin da wani abu turmin ya yi a gidana, ban san yana da tabo ba.

Washegari na sake tada moto na koma. Na durƙusa a bayan ɗakin mutane, matan gidan na kallona, na karkata turmin. Yana nan, baƙi, girman babban yatsa.