Digirina da surfen Inna

"Wai ganyen dawa kake dakawa a jami'ar?" in ji Inna, mahaifiyata, da na je hutu Roni zamanin kuɗin fetur.

Aikina raba ƙwayoyin halittar ganye ne, na jikin jijiya daban, na tsoka daban, don a ga wace ƙwayar gado ke aiki a kowanne. Wata uku ina markaɗe, komai yana cakuɗewa.

Da na yi mata wannan bayani, ta ce, "Da ganinka ba ka taɓa surfe ba. A hankali ake fara bugu, a cire na sama, sannan a daka."

Na koma na gwada, suka rabu tsaf! Malamina ya yi ta yabon basirata, ni kuwa na karɓe yabon ba tare da ambaton Inna ba.

Jama'a, tsakani da Allah, digirin nan nawa ne ko na Inna?