Yunwar Da Na Ɗora Wa Kaina Ta Kusa Ƙafar Da Nonon Ɗiyata

Assalamu alaikum. Ni 'yar garin Gulma ce, aure ya kawo ni Birnin Kebbi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina lura da abubuwa, kuma ni mai saka magana a rai ce. Lokacin da abin ga ya faru haihuwata ta fari ce, ɗiya mace, na dawo ke nan daga wankan jego a gidanmu. Inna ta yi mini gata iya gata, kunun kanwa safe da yamma, farfesun kifi mai yaji, ko tsintsiya ba ta bari in ɗauka. Na koma ɗakina fes, sai dai rigunana duk sun ƙi ni.

Ranar wani suna a dangin maigidana, ƙanwarsa ta dube ni ta ce wa mata wai yayanta ya kamo giwan ruwa bai ko jiƙa ƙafa a gulbi ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, don wasan ƙanwar miji ne. Amma da maganar na koma gida. Wata maƙwabciyata ta kawo mini ganyen shayin rage ƙiba, ta ce in sha da lemun tsami, in bar karin kumallo da tuwon dare. Mako guda sai zanena ya yi sako-sako, har rawa na taka gaban madubi, ban san ruwan jikina ne zawo ke kwashewa ba. Daga nan abin ya tsaya cik. Na ƙara rage abinci, ƙiba na nan, sai jiri, da jin sanyi tsakar rana. Ɗiyata kuwa ta kama nono ta ja ta saki, ta dube ni ta fashe da kuka. Surukata ta ce haƙori ne. Ni kuwa na san ba shi ba ne, nono ne ya ja baya.

Da na kai ɗiyata awo, malamar asibiti, wata dattijuwa, ta nuna mini a kati cewa nauyin yarinya bai motsa ba. Ta tambaye ni mi nike ci, sai hawaye. Ba ta yi mini faɗa ba, ce mini ta yi jikin mutum yana da wutarsa kamar murhu, tana ƙona abinci ko barci kike, don numfashi da bugun zuciya ba su hutawa. In kin hana ta itace, jiki sai ya zaci fari aka shiga, ya rage wutar, ya riƙe kitse gam, ya shiga cin tsoka, alhali tsoka ce ke taya shi ƙona abinci. Ta ce shayarwa kanta aiki ce babba, ko zaune nike jikina na ci kamar mai dashen shinkafa a fadama. Wallahi kamar an buɗe mini taga. Ashe ni da hannuna nike yayyafa wa wutata ruwa.

Ta ce in zubar da shayin, in ci sau uku da wake da kifi da zogale, in rage sukari da lemun kwalba, in sha ruwa sosai, in riƙa tafiya da ƙafa da aikin ƙarfi, in runtsa in yarinya ta yi barci, in kuma ba ta nono a kai a kai. Na bi tiryan-tiryan. Wata hantsi ina cikin dakan gero sai na ji gaban rigata ya jiƙe. Na yar da taɓarya na ruga na ɗauko ɗiyata, ta sha har ta yi gyatsa ta yi barci a hannuna. Awo na gaba nauyinta ya hau, malamar ta yi mini barka. Ƙibar ma ta soma sauka sannu a hankali, ga ƙarfi, ga walwala.

Har yau in na tuna makonnin da ɗiyata ta yi tana kukan yunwa saboda wasan da ban iya ɗauka ba, kunya ke rufe ni. 'Yan'uwana masu jego, kada ku sha abin da ba ku san asalinsa ba, kada ku yi gaba da abinci. In ƙiba ta dame ku, ku tambayi ma'aikatan lafiya. Yunwar da uwa ta ɗora wa kanta, wanda ke goye a bayanta shi ke fara jin ta.