Wayoyin Lyall Pengilly

Shekara talatin da ɗaya Lyall Pengilly ya yi yana gyaran fitilun reluwe a Peterborough. Da aka rufe layin, sai aka sallame shi da agogon bango da musafaha. Matarsa Noelene ta gaji da ganinsa zaune a baranda, ta kora shi ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa, waɗanda ke taruwa duk Asabar a wani tsohon ɗakin taro.

Ya tarar da su cikin takaici. Akwai inda layinsu ke zagayawa ya dawo kan kansa, kuma duk jirgin da ya shiga wurin sai wutar lantarki ta haɗu, komai ya tsaya cak. Lyall ya duba, ya yi tsaki.

"Wa ya yi muku wannan aika-aika? Mahauci?"

Ya yanka ƙarfen layin wuri huɗu, ya raba wutar, ya sa makunni mai juya ta. Daga baya ya ƙara layin gefe, inda jirgi zai raɓe ɗan'uwansa ya wuce. Shekara tara yana kwance rigingine ƙarƙashin teburin da layin ke kai, dalma na ɗigo masa a riga. Kowace waya da launinta, kowace da 'yar takarda mai rubutun hannunsa.

Sai gwiwa ta kai shi asibiti a Adelaide, wata biyu. Ranar da ya dawo yana dogara sanda, Warwick Treloar, sabon shugaban ƙungiyar, ya tare shi da fara'a.

"Dattijo, zo ka ga abin mamaki! Ka huta da rarrafe."

Wani ɗan akwati ne, bai kai tafin hannu ba, yana juya wutar da kansa. Wayoyin Lyall kuwa suna cikin kwali a bayan ƙofa, an datse su gutsi-gutsi.

"Wa ya ba ku izini?"

"Haba abokina, kwamiti ya zauna. Ai ba wanda ya gane kan taliyar nan taka sai kai."

Aka kwashe da dariya. Lyall ya ja kujera ya zauna, yana jiran abin ya ƙone. Tun safe har la'asar yana nan, shayinsa ya huce a hannu. Jirage suka yi ta shiga suna fita sumul, ko gargada babu. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Da bikin nunin jiragen ƙungiyar ya zo, aka ce ya tsaya bakin ƙofa ya gasa wa baƙi nama. Bai je ba.

"Ka koma mana," in ji Noelene. "Mutanenka ne."

"Suna da akwati."

Bayan mako uku Warwick ya bugo waya. Lyall ya ɗauka da sauri har sandarsa ta faɗi. Ashe makullin ɗakin taron ake so ya mayar, za a ba sabon sakatare. Ya sa shi a ambulan, ya ba Noelene ta kai gidan waya.