Man Shanu a Ƙofa ta Bakwai

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Shi ya sa ranar da anka kafa akwatin nan jikin katangar firamare ban tsaya cikin masu hasashe ba. Wasu na cewa na'urar cirar kuɗi ce, wasu na cewa firjin allurar rigakafi ne. Na kutsa cikin maza na karanta abin da anka rubuta a jikinsa.

Akwatin ƙarfe ne, ya fi ni tsawo, da ƙananan ƙofofi goma sha biyu da farantin sola bisa kansa. Bayan kowace ƙofa akwai kayan wasa: ƙwallon ƙafa, igiyar tsalle, lido, da sauransu. Ka danna lambar wayarka, saƙo ya shigo maka da lambobi huɗu, ka danna su, ƙofa ta buɗe da kanta. Ka yi wasanka ka mayar kafin magariba, ba ko sisi. Wata ƙungiya ce ta kawo. An ce sun kafa ɗaya a Rabah, ɗaya a Goronyo, na ukun ya faɗo mana nan Wurno.

A ƙofa ta bakwai an zana ƙwallon raga. Shekara biyu ke nan da na gama sakandare, kuma tun ranar ban sake taɓa ƙwallo ba. Na danna lambata. Da ƙofar ta yi ƙas ta buɗe, sai da na yi tsalle baya na taka ƙafar wani dattijo. Ƙarfe, babu mutum a ciki, ya miƙo mini sabon ƙwallo da raga a naɗe, bai tambaye ni ɗiyar wa ce ni ba!

Cikin mako guda na tara mu takwas, duk tsoffin 'yan makarantarmu. Hedimasta ya ba mu filin ciki, inda katanga ta rufe, kowace Alhamis bayan la'asar, tunda ranar babu Islamiyya. A cikinmu ni kaɗai ke da waya tawa ta kaina. Sauran sai ta uba ko ta wa, kuma babu wan da zai ba ƙanwarsa waya don ta je ta yi tsalle-tsalle. Lambata ita ce mabuɗin wasanmu gaba ɗaya.

A lokacin Goggo, yayar babanmu, ta zo daga Taloka ganin likitan ido, ta zauna wurinmu. Wata Alhamis na biyo gida da ƙwallon in goge masa ƙasa kafin in mayar. Tana zaune bakin tarin albasa tana tsince ruɓaɓɓu.

"Ke, wanga abu na wa na?"

"Na aro ne, Goggo."

"Wa yab ba ki?"

"Akwati."

"Akwatin ba shi da ubangida?"

Na ce yana da, amma yana can Sakkwato ko ma gaba. Ta dube ni da idon nan nata mai kyau ɗaya.

"To mi za ki sa mishi?"

"In sa ma wa mi?"

Ta tafa hannu ta yi salati kamar na ce na bar salla. Ta ce ita tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin aro ya koma gida shi kaɗai ba. Ko turmi ka ara, ka mayar da 'yar tsaba a cikinsa. Ko ƙwarya ce, ka aza goro. Ta ce boko ya cinye mana kunya. Ta zaɓi manyan albasa uku ta cusa mini cikin ragar.

Na so in tsaya gardama, amma rana ta yi ja, kuma wanda ya makara na'urar na riƙe lambarsa. Na kwasa da gudu, na tura ƙwallo da raga da albasa, na rufe.

Alhamis ta gaba na buɗe, babu albasa. Da na gaya wa Goggo, sai ta gyara zama.

"Kin gani? Ya karɓa. Mutumin kirki na."

Na san sarai samarin da ke aron ragar ranar Juma'a ne sunka kwashe. Ban faɗa ba. Na ga bayanin zai ci mini rabin awa, ni kuma ba ni da rabin awar ba kowa. Wannan shirun shi ne nawa laifin.

Goggo ta kai labarin gidan suna. Iyayen ƙawayena, waɗanda da ma hankalinsu bai kwanta da wasan ba, sai sunka saki jiki, tunda abin ya zama hulɗar mutunci tsakaninsu da mai akwati. Kowace Alhamis sai kowace yarinya ta zo da ƙulli: goro, ƙuli-ƙuli, dabino, dafaffen ƙwai, busasshen kifi. Da ƙofa ta bakwai ta cika, sai munka riƙa aron igiya da lido don mu samu wurin zubawa. Ni da na je neman ƙwallo na koma mai kai saƙo.

Abin da na gani wata safiyar Juma'a har yau ina mamakinsa. Layi na ishe gaban akwatin, na mutanen da ba su taɓa gudu ba sai in kare ya biyo su. Wani mai shagon caji, tumbinsa ya riga shi isa ko'ina, ya buɗe ƙofar igiyar tsalle, ya zura hannu, ya rufe, igiyar na nan inda take.

Na ce, "Malam, tsalle za ka yi?"

Ya ce, "Likita yac ce in riƙa motsa jiki." Bakinsa cike da ƙuli-ƙuli.

Ana cikin haka bazara ta kankama, irin zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Aka aiko wa Goggo man shanu daga gida. Ta ɗebi mai kyau ta cika ɗan kwano, ta rufe da leda, ta ce wata biyu bawan Allah yana ba mu aro bai taɓa ɓata rai ba, ya wuce albasa. A ranar, da kanta ta bi ni. Ta tsaya gaban akwatin ta yi sallama, ta ce masa sannu da aiki, ta tambayi iyali.

Na ce, "Goggo, narkewa zai yi."

Ta ce, "Ke kin fi ni sanin man shanu? Gobe da sassahe za shi ɗauka."

A raina na ce gaskiyarta, mai tumbi zai ɗauka kafin rana ta ɗaga. Na aza kwanon bisa ragar na rufe.

Ranar Juma'ar nan sabis ya ɗauke a garin gaba ɗaya. Babu saƙon da ya shiga wayar kowa, babu ƙofar da ta buɗe. Akwatin ƙarfe ya yini cikin rana, ya sake yini ranar Asabar sabis bai dawo ba. Da na biya ranar Lahadi, sai na ga wani abu mai maiƙo ya tsiyayo daga ƙofa ta bakwai ya bi ta kan madannan, kiyashi sun yi layi tun daga gindin katanga har cikin makulli. Gilashin da ke nuna lambobi ya mutu. Da yamma saƙo ya shigo: an dakatar da lambata wata uku saboda lalata kaya.

Wata uku! Na karanta sau huɗu, bai canza ba.

Ranar Talata jami'in ƙungiyar ya zo daga Sakkwato da mabuɗi da jakar kayan gyara. Kafin ya sauka daga babur rabin unguwa ta taru. Ƙawayena bakwai na bayana. Ya buɗe ƙofa ta bakwai, wari ya buge shi, ya ja baya yana toshe hanci. Ragar ta jiƙe sharkaf. Ƙwallon na ƙyalli kamar za a gasa shi. Ya ɗago kwanon da yatsa biyu.

"Wace ce mai lambar da ta rufe nan?"

Na ce ni ce.

"Malama, mene ne wannan?"

"Man shanu."

"Na ga man shanu ne. Me ya kawo shi cikin na'ura?"

Ya bi sauran ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Bayan lido akwai ƙwai da ya kwana biyar. Ƙarƙashin igiya goro ya bushe. A wata kusurwa albasa har ta tsiro. Ya tsaya riƙe da ƙugu, ya ce ya yi tsammanin sata, ya yi tsammanin yara su fasa gilashi, duk an koya musu abin da za su yi a kan waɗannan. Amma ba wanda ya taɓa gaya masa za a riƙa ƙara wa akwati kaya.

Na roƙe shi ya buɗe lambata. Ya ce ba hannunsa ba ne, daga ofis ake rufewa, kuma ba a buɗewa sai wa'adi ya cika.

Sai ga Goggo ta ratso taron da sandarta.

"Kai na mai akwatin? Sannu, ɗana. Ina gajiya? Ina iyali? Man ya ishe ka lahiya?"

Ya dube ta, ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya rusuna ya ce, "Inna, ni yau ne zuwana na farko tun da aka kafa shi."

"Albasar fa?"

"Ban ga albasa ba."

"Kihin? Dabinon?"

Ya girgiza kai.

Goggo ta juya a hankali ta dubi taron. "To wa yac ci?"

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba. Mai shagon caji ya tuna ya bar shago buɗe. Samarin raga sunka bi bayansa. Goggo ta dafe sanda da hannu biyu.

"Wata biyu ina kiwon ƙartin banza!"

Nan ne bakina ya kuɓuce. Na ce mata ita ƙartin banza ne damuwarta, mu kuma an rufe mana wasa wata uku, babu mai waya cikinmu sai ni, kuma duk ita ta ja. A gaban mutane na faɗa, ga yayar ubana. Ɗaya daga ƙawayena ta tsunkule ni. Na jira mari.

Goggo ba ta ko dube ni ba. Ta tambayi jami'in, "Lamba ita ɗai ta matsalar?"

Ya ce i.

Ta kwance bakin zanenta, ta fiddo wata 'yar waya mai madannai, an ɗaure bayanta da roba.

"Wagga fa?"

Ya tambaya ko da sunanta anka yi rajistar layin. Ta ce da babban yatsanta ma, ɗanta ya kai ta. Ya ce shekarunta nawa. Ta ce ya rubuta abin da ya gani. Ya ce wane wasa take yi.

"Wanda ɗiyan ga ka yi."

Sai a lokacin ya yi dariya, har ya zauna bisa jakarsa. Ya rubuta ta. Ya roƙe ta don Allah kada a sake sa komai ciki sai ƙwallo da raga. Ta ce ta ji, tunda ba shi ciki, wa za ta ba?

Mako biyu anka yi kafin a gama gyara. Na ɗauka za ta miƙo mini wayar in je in dawo. Ina! Ta ce wayarta ba ta yini hannun marar kunya. Don haka kowace Alhamis bayan la'asar sai mu fita tare, ni da tabarmarta a kai, ita da sanda, muna tafiyar hawainiya ina cizon leɓe. Saƙo ya shigo, ta riƙe wayar gam, in leƙa in karanta lambobin. Ta shimfiɗa tabarma gindin darbejiya ta zauna.

Ranar farko kallon wasanmu ta yi. Ta biyu ta fara cewa waccan doguwar ragguwa ce. Ta uku ta kira ni gefe ta ce in daina ajiye 'yar ƙaramar can a baya, ta fi ni hannu. Na ji haushi, na gwada don in ƙaryata ta, kuma gaskiyarta ce.

Da ruwan farko ya sauka, ɗanta ya zo da babur ranar Laraba don ya ɗauke ta, ya ce shuka ta zo, gida na nemanta. Saura Alhamis biyu a buɗe lambata. Ina tsugune ina wanke kwanoni, na kasa ɗaga kai.

Goggo ta ce, "Ku yi shukarku, ba ni ka riƙa muku fartanya ba. Ka komo bayan mako biyu. Gobe muna da wasa."