Ranar da Iya Tabawa Ta Nemi Jikarta Cikin Tururuwa

Wata rana wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta zo Gusau daga ƙauye ganin ɗanta da iyalinsa. Idonta ya yi yana, ba ta gani sai dishi-dishi.

Da hantsi iyayen gida suka fita aiki, jikoki suka kunna fim ɗin Turawa da aka fassara da Hausa. Irin na barkwancin nan da wani ke ƙera na'ura, haskenta ya taɓa 'yan gida, su koma kamar tururuwa.

Yara na ta ƙyaƙyata dariya. Iya kuwa hankalinta ya tashi, don tana jin mutanen suna neman ceto da Hausa tiryan-tiryan.

Ta tambaya ko da gaske ana yin haka. Babban jikanta Jazuli, ƙato da gemunsa, ɗan jami'a, ya ce sosai ma, ai yanzu har waya tana yi.

To ku ji rashin imani.

Bayan azahar Jazuli ya ɓoye ƙanwarsa Ihsan, 'yar shekara huɗu, a ɗaki. Ya ajiye takalmanta a tsakar gida, ya rugo yana cewa hasken wayarsa ya taɓa ta, ta ƙanƙance, ta ɓace a ƙasa.

Iya ba ta tsaya tambaya ba. Ta zube da gwiwoyinta a kan siminti mai zafi, tana shafa ƙasa a hankali da tafin hannu.

Ta hana kowa motsi. Ta hana a zubar da ruwan wanke-wanke, kada ya tafi da yarinyar. Tana kara kunne a ƙasa, tana kiran sunanta ƙasa-ƙasa don kada ƙara ta firgita ta.

Shi kuwa gogan yana bayanta da waya, yana ɗauka.

Can sai wata kaza ta zo ta tsattsagi wani abu kusa da takalman. Tsohuwar da ba ta tashi sai da sanda ta yi tsalle ta danne kazar, tana kuka, tana roƙon a kawo wuƙa a duba cikinta tun yarinyar na da sauran numfashi.

Nan dariya ta ƙwace wa Jazuli, ya buɗe ɗaki, Ihsan ta fito tana tsotsar alewa.

Iya ta jawo ta, ta shafa ta tun daga kai har ƙafa. Gwiwoyin tsohuwar duk sun saɓule.

"Haba Iya, wasa ne fa," in ji Jazuli.

"Kai ka yi wasa, ɗan nan. Ni kuwa har na fara tunanin bakin da zan gaya wa uwarta."

Wallahi abin ya ƙona mini rai. Kuma ko a jikinsa, a ranar ya ɗora bidiyon, mutane suka yi ta danna alamar dariya. Wataƙila har da kai da kake karanta wannan.

Har Iya ta koma ƙauye, ba ta ƙara ratsa tsakar gidan nan ba sai ta sunkuya ta shafa inda za ta taka.

Darasi: tsohon da ya yarda da maganarka bai yi wauta ba, amana ya ba ka. Kada ka mayar da firgicinsa abin nishaɗin duniya.

Ka tura wa duk wanda ka san yana da waya a hannu da tsoho a gida.